WA KE MAGANA DA ƊANKA DA DARE?

Mai karatu, in baƙo ya tsaya bayan darni yana kiran ɗiyarka a ɓoye, za ka yi shiru? Ba za ka yi ba. Amma yau baƙi suna shiga ɗakin yara ta waya, ba sallama.

Ka san dandalin gajeren saƙo? Twitter ya soma a 2006, a 2023 aka sake masa suna X. A can, abin da yaro ya rubuta kowa na iya gani, sai in an kulle shafin. Dokar kamfanin ta ce sai mai shekara 13, amma yaro yakan ƙara wa kansa shekaru. Babban mutum kuma yakan rage nasa, ya sa hoton yaro, ya nemi abota. Da fari yabo. Daga nan ya roƙi hoto. Daga baya sai barazana: ka ba ni kuɗi, ko in tona maka asiri.

To, ga tambaya. Daidai ne ka duba wayar ɗanka?

Wani zai ce wannan leƙen asiri ne. Akwai gaskiya a ciki. Uban da ke ɗaukar waya a sace, yaro na barci, yana koya wa ɗansa ɓoyo. Gobe yaron zai buɗe wani shafi da wani suna. Amma uban da ya ce ba ruwansa ya saki amanar da ke hannunsa.

Ka duba a fili. Ka zauna da shi, ku kulle shafin tare, ku hana saƙo daga wanda ba ku sani ba. Kada ya rubuta sunan lakwal ko unguwa. Da dare waya ta kwana a ɗakinka. Yadda hankalinsa ke ƙaruwa, haka za ka riƙa sassauta masa.

Abu mafi girma kuwa shi ne wannan: mugu yana dogara ga tsoron da yaro ke yi wa iyayensa. Yaron da ya san bulala ke jiransa ba zai faɗi ba.

Yau ka kira ɗanka. Ka ce masa, “Kome ya same ka a wayar nan, ka zo gare ni. Zan saurare ka kafin in yi faɗa.” Ka kuwa cika alkawarin.