Burodin da Ba a Murza Ba: Wahala ce ke Kawo Albarka?

Akwai hanyar yin burodi da ba ta neman ƙarfin damtse. A zuba garin alkama kofi uku a kwano, wanda aka niƙo da dusarsa ba a tankaɗe ba, a sa gishiri kaɗan, a barbaɗa yis abin da bai wuce rubu'in ƙaramin cokali ba, a zuba ruwa kofi ɗaya da rabi ko ya ɗan fi, a juya da muciya har garin ya jiƙe. Daga nan sai a rufe kwanon a tura shi lungu. A ƙasashen sanyi ƙullin yakan yi awa 12 zuwa 18 a haka. A Kiru ko Bebeji, idan bazara ta tsaya, ba ya kai wannan lokaci. Da hunturu kuwa yana iya kwana har hantsi. Idan aka buɗe za a tarar ya ninka, fuskarsa duk ƙananan idanu, yana ƙamshin tsami mai daɗi. Sai a naɗe shi sau biyu da jiƙaƙƙen hannu, a bar shi ya huta, a juye a tukunyar ƙarfe da ta riga ta yi zafi, a rufe, garwashi ƙasa garwashi sama. Tururin da murfin ya tsare shi ke sa bayan burodin ya yi ɓawo mai ƙaras-ƙaras, cikinsa ya zauna da laushi. Aikin hannu a cikin wannan duka bai kai na wanke tukunyar ba.

Mutumin da ya tashi a kudancin Kano zai ji wannan bayani da ɗan zargi a ransa, kuma zargin yana da tushe. Manomin masara a Doguwa, da mai shinkafa a Tudun Wada, da ɗan lambun da ke kwana yana ban ruwa a gefen Tiga, duk sun san cewa abin da ya shigo rumbu da gumi ya shigo. Mun gaji karin magana masu cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu, banza kuma ba ta kai zomo kasuwa. Daga nan sai tunani ya zarce, har wasu suka ɗauka cewa ita wahalar da kanta ce albarkar, abin da aka samu da sauƙi kuwa da walakin. Ana jin haka a bakin mai cewa tuwon garin inji bai kai na turmi ba, ana jinsa a bakin maigidan da ke ganin matar da ta sami hanyar rage aiki ta zama raguwa. Ni kam ina ganin an haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Gumi ba ya auna albarkar abinci. Abin tambaya a kan kowane sauƙi shi ne me ya rage, kuma wa ya biya kuɗinsa.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a cikin kwanon, domin hukunci a kan abu yana bin saninsa. A ƙwayar alkama akwai sinadarai biyu waɗanda idan suka sha ruwa sukan sarƙe da juna su zama danƙo, danƙon nan kuma shi ke riƙe iskar da yis ke fitarwa har ƙulli ya kumbura. Murza ƙulli gaggauta wannan sarƙewa ce kawai. Idan aka ƙara ruwa aka ba shi lokaci, sarƙewar na aukuwa da kanta, kumfar yis tana miƙa danƙon a hankali, ɗanɗano kuma yana ƙaruwa saboda daɗewar tsamin. Wani tsohon irin alkama mai kauri a ƙaiƙayi, wanda ake nomawa a kudancin Jamus da Suwizalan, Jamusawa na kiransa dinkel, Ingilishi kuma sifelt, danƙonsa ba ya jure dogon murza, shi ya sa wannan hanya ta dace da shi. Ba a noma shi a ƙasar Kano, amma alkamarmu ta rani da aka kai inji da dusarta tana yin aikin. A Ingila wata mata, Doris Grant, ta yaɗa burodin cikakken gari marar murza tun 1944, lokacin yaƙin duniya na biyu. A Amurka kuma hanyar wani mai gidan burodi, Jim Lahey, ta bazu bayan jaridar New York Times ta buga ta a 2006. Mu ma abin ba baƙo ba ne. Ƙullin waina kwana yake yi ya tashi, alkaki sai an bar kwaɓinsa ya yi tsami, daddawa kuwa kwanaki take yi a rufe ba mai taɓa ta. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin cewa akwai aikin da hannu ke yi, akwai wanda Allah ya ɗora wa lokaci.

To addini fa, me ya ce? Alƙur'ani, a tsakiyar ayoyin azumi a Suratul Baƙara, ya bayyana cewa sauƙi Allah yake nufi da bayinsa, ba tsanani ba, kuma a kan ibada aka faɗi haka, ba a kan girki ba. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ruwaito cewa ba a taɓa ba Manzon Allah (SAW) zaɓi tsakanin abu biyu ba face ya ɗauki mafi sauƙi, matuƙar ba saɓo ba ne. Buhari ya kawo labarin wani mutum, Abu Isra'ila, da ya yi bakance zai tsaya a rana, ba zama, ba inuwa, ba magana, kuma yana azumi. Annabi ya sa aka gaya masa ya zauna, ya shiga inuwa, ya yi magana, ya cika azuminsa. A duba yadda aka tsince bakancen: azumi, wanda ibada ne, an bar shi, tsayuwar rana, wadda wahala ce zalla, an zubar da ita. A kan irin waɗannan dalilai ne Imam Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus da ya rasu a 1388, ya kafa ƙa'ida a littafinsa Muwafaƙat cewa bai kamata bawa ya nufi wahala don kanta ba da sunan neman lada. Aikin zai nufa, idan wahala ta biyo shi a ba shi ladanta. In har haka abin yake a sallah da azumi, da wace hujja za a ce burodi bai yi albarka ba sai kafaɗa ta yi tsami?

Mai ja da wannan magana yana da hujjoji biyu masu nauyi, kuma bai kamata a tsallake su ba. Ta farko, Annabi ya gaya wa Nana A'isha game da umararta cewa ladanta gwargwadon wahalarta ne ko abin da ta kashe. Ta biyu ta fi kusa da madafa: Nana Faɗima ta kai kukan abin da dutsen niƙa ya yi wa hannunta, ta nemi mai taimako, sai mahaifinta ya koya mata da Sayyidina Ali tasbihin kwanciya barci, ya ce ya fi musu hadimi. Ashe ba wannan ke nuna an fifita wahala ba? Amsar ta farko ita ce wadda Shaɗibi ya riga ya bayar: wahalar da ke kan hanyar aikin da ba makawa sai an bi ta, ita ake ba lada. Mai tafiya masallaci daga nesa yana da ladan takunsa, amma wanda gidansa ke jikin masallaci ba a ce ya zagaye gari ba. Game da Nana Faɗima kuwa, ruwayar Imam Ahmad ta faɗi dalilin: mutanen Suffa, wato talakawan sahabbai, suna fama da yunwa, Annabi kuma ba zai ba 'yarsa hadimi ya bar su ba. Rabon abin da ya yi ƙaranci ne aka yi da adalci, aka fara da mafi buƙata. Ba a ce mata kantar hannu ita ce abin nema ba, ba a kuma zarge ta don ta nemi sauƙi ba. Annabi kansa, kamar yadda A'isha ta shaida, yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida har lokacin sallah ya yi.

Amma zargin da mutanenmu ke yi wa sauƙi ba shirme ba ne, wurin da aka ɗora shi ne ba daidai ba. Akwai sauƙin da ya cancanci a tuhume shi, kuma shi ne wanda muke saye kullum a teburin mai shayi ba tare da tambaya ba. Farar fulawa ana samunta ne bayan an cire dusa da idon ƙwayar, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na alkamar, inda mafi yawan harza da mai da sinadaran gina jini suke. A sayar da wannan ga masu kiwon kaji da shanu, mutum ya ci sauran. Don burodi ya kumbura da wuri ya cika ido, wasu gidajen burodi sun riƙa zuba sinadarin buromet, har hukumar NAFDAC ta haramta shi a zamanin Dora Akunyili saboda haɗarinsa ga ƙoda da kuma alaƙarsa da ciwon daji. Wannan ma sauƙi ne, amma jira ya rage, cikin mai ci kuma ya biya. Sahabi Sahlu ɗan Sa'adu ya ba da labari, a Buhari, cewa Annabi bai ga burodin tataccen gari ba tun da aka aiko shi har ya koma ga Ubangijinsa, kuma ba su da rariya. Sha'ir suke niƙawa su hure, abin da ya tashi ya tashi, su kwaɓa sauran. Kada a yi gaggawar mai da wannan hukunci. Imam Gazali a Ihya ya lissafa rariya cikin abubuwan da suka faru bayan Annabi, sannan ya ce ba duk sabon abu ne haramun ba, tankaɗe halal ne matuƙar bai kai ga wuce iyaka a jin daɗi ba. Ba wanda zai shiga wuta don ya ci farin burodi. Sai dai labarin ya isa ya kawar da kunyar da wasu ke ji idan aka ga burodinsu ja ne mai dusa-dusa, kamar alamar talauci ce.

Kuɗin wannan sauƙi bai tsaya a cikin mai ci ba. Madatsar Tiga, a ƙaramar hukumar Bebeji, an kammala ta a 1974 daga aikin da gwamnatin Audu Bako ta ɗauko, ta tare kogin Kano da ke gangarowa ta duwatsun Doguwa da dajin Falgore, ana tura ruwan ta magudana zuwa Kadawa da Kura da Bunkure. Alkama na cikin manyan abubuwan da aka yi wa wannan tanadi, domin sanyin hunturu na karɓarta: a shuka a Nuwamba, a yanke wajen Maris. Duk da haka fiye da tara cikin goma na alkamar da Nijeriya ke ci daga waje jiragen ruwa ke kawo ta. Wasu masana biyu 'yan Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, sun rubuta littafi a kan wannan tarko tun 1985. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, hanin bai ɗore ba aka janye shi. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, sannan darajar naira ta faɗi, farashin fulawa ya tashi har mata masu gurasa a Kano suka fito zanga-zanga a farkon 2024. Al'ummar da ta saba da abincin da ba ta iya nomawa ta sayi sauƙin yau da bashin gobe. Gidan da ya sayi kwanon alkamar Kadawa ya kai inji ya kwaɓa da kansa bai warware matsalar ƙasa ba, amma kuɗinsa a hannun manomin jiharsa ya tsaya.

Dole a yarda da abin da ke gaskiya a ɗaya ɓangaren. Farar fulawa ta fi daɗewa ba ta lalace ba, domin man idon ƙwaya shi ke sa cikakken gari ya yi ɗaci a zafinmu, don haka kaɗan-kaɗan ake niƙa shi. Burodin cikakken gari ya fi nauyi, yaran da suka saba da mai sukari ba za su karɓe shi rana ɗaya ba. Alkamar gida takan yi tsada idan kakarta ta wuce, gawayi ma kuɗi ne, leburan da ya fito da asuba kuwa ba shi da wata mafita sai teburin mai shayi, kuma ba laifinsa ba ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kira hanyar jira lalaci. Rago ba ya tuna karin kumallon gobe tun bayan sallar isha'i. Mai wannan burodi dole ta auna daidai, ta lura da yanayi, ta san cewa ƙullin da ya wuce lokacinsa a watan Afrilu zai faɗi ya yi tsamin da ba ya ciwuwa. An ɗauke nauyi daga damtse an mai da shi ga hankali da tsari, ta yi sababi, ta bar sauran ga wanda ya tambayi manoma a Suratul Waƙi'a ko su ne ke tsirar da abin da suka shuka.

Akwai kuma tambayar da masu yabon wahala ba su cika yi ba: wahalar wa ake yabo? A ƙauyukan Kiru da Tudun Wada, surfe da tankaɗe da ɗiban ruwa da hura wuta a kan mata da 'yan mata suke, wanda ke cewa abincin turmi ya fi albarka kuwa sau da yawa bai taɓa riƙe taɓarya ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Nurul Albab, ya yi kakkausar suka ga malaman da ke koyar da ɗaliban waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ana morarsu kamar kayan aikin gida. Lokacin da injin niƙa ya rage wa mace, da wanda rijiyar burtsatse ta rage, da wanda kwanon ƙulli mai kwana zai rage, shi ne lokacin da za ta je Islamiyya, ta duba karatun 'yarta, ta yi sana'arta, ko ta huta, domin jiki ma yana da haƙƙi a kan mai shi kamar yadda Annabi ya gaya wa Abdullahi ɗan Amru. Maigidan da ya hana wannan da sunan albarka, sai ya kawo ayar ko hadisin da ya dogara da shi.