Kare Mai Farfaɗiya: Wane Hakki Yake Da Shi A Kanmu?

Ranar da karenmu Duna ya fara faɗuwa, muna cikin addu'ar safe ne. Muka ji kwano ya kife a bayan gida, da muka fita sai ga shi kwance, ƙafafu sun sandare, baki yana kumfa. Kafin minti biyu ya miƙe yana tangaɗi kamar bai san gidan ba. Maƙwabcinmu ya ce, "Baban Ladi, haukan kare ne, a kashe shi yau." Wani kuwa ya ce a kai shi kasuwar karnuka ta Dawaki tun yana da sauran tsoka.

Tsoron maƙwabcin ba wauta ba ne, gama haukan kare in ya bayyana a jikin mutum ba ya jin magani. Saboda haka muka kulle Duna, muka hana yara zuwa kusa, muka kira likitan dabbobi. Ya duba katin rigakafi, ya tambaya ko karen ya ci guba. Ya kuma bayyana mana cewa mahaukacin kare ba ya farfaɗowa, yakan mutu cikin kwana 10. Duna kuwa da yamma ya cinye tuwonsa. Da abin ya sake dawowa bayan mako uku, likita ya ce farfaɗiya ce, irin wadda takan fara wa kare tsakanin wata 6 da shekara 6.

A nan ne tambayar ta taso. Maganin, wato fenobabiton, safe da yamma ake ba shi har ƙarshen ransa. Ba a tsayar da shi farat ɗaya, domin hakan yakan jawo faɗuwa mai tsanani, kuma akan gwada jini lokaci lokaci saboda hanta. Uwargida ta ce, "Maigida, akwai gwauraye a ikilisiyarmu da ba sa iya sayen maganin hawan jini. Mu kuma mu saya wa kare?" Maganar ta hana ni barci.

Gaskiya ne, mutum aka halitta cikin kamannin Allah, ba kare ba. Inda zaɓin ya zama tsakanin maganin yaro da na Duna, babu gardama. Amma da na binciki zuciyata, na ga ba safai zaɓin yakan zama haka ba. Kuɗin da muke hana dabba da sunan gwauruwa, sau nawa yake isa hannun gwauruwar? A katin waya yakan ƙare. Ban da haka, Duna bai kawo kansa gidanmu ba, mu muka ɗauko shi yana ɗan kwikwiyo. Shekara uku yana kwana a waje cikin hunturun Jos muna barci a ɗaki. Wanda ya ci amfanin lafiyar dabba, ai ya ci bashin jinyarta. Ba banza ba ne Karin Magana 12:10 ya lasafta kula da dabba cikin halayen adali. Abin da muka shirya da uwargida shi ne, duk watan da muka sayi maganin kare, kada abin da muke bai wa gwauraye ya ragu ko da naira ɗaya.

Akwai kuma abin da ban yi tsammani ba. A ajin 'yarmu Ladi akwai yarinya mai farfaɗiya wadda ba mai yarda ya zauna benci ɗaya da ita, wai miyaunta yana yaɗa cutar. Ba haka ba ne, farfaɗiya ba a ɗaukarta daga mutum ko daga kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ita sun kai miliyan 50, kuma kusan kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in sun sami magani daidai. Ba ina kwatanta yarinyar da kare ba ne, Allah ya sawwaƙe. Amma a kan Duna ne Ladi ta koyi a kawar da abin da zai ji wa mai faɗuwa rauni, kada a cusa masa hannu ko cokali a baki, kada a ɗura masa komai, a duba agogo, in ya wuce minti 5 a nemi likita da gaggawa. Tsoro ya fita daga ranta, yanzu ita ke zama kusa da yarinyar.

Hakkin nan yana da iyaka. In ranar ta zo da faɗuwar ke bin juna, magani ya kāsa, karen ba ya ci ba ya sha, a ganina ba zunubi ba ne a roƙi likita ya hutar da shi da allura. Wani dattijon ikilisiya bai yarda da ni ba, har yanzu muna kan maganar. Abin da na ƙi shi ne a kora shi daji, ko a sayar da shi don ya daina amfani. Kwalbar maganinsa tana kan tagar madafa, kuma aikin ƙanen Ladi ne ya ɓoye ƙwayar cikin lomar tuwo da ƙarfe shida, safe da yamma.