Ladan Wanda Ya Duba Kafin Ya Kwance

Akwai tambayar da na daɗe ina juyawa a raina game da garejojin unguwarmu ta New Bell a Duwala: idan mutum ɗaya ne kaɗai ya san gaskiyar abin da ya lalace, wa ke da alhakin kare gaskiyar nan?

Ɗauki tsohuwar a-kori-kura, irin Toyota Hilux mai giya otomatik, wadda ke jigilar kaya tsakanin tashar jiragen ruwa da Kasuwar Nkululun. Wata rana direba ya sa giya, injin na kuka amma motar ta ƙi tafiya, ko kuma ta riƙa fizga in za ta canja. Mai mota bai san komai ba sai wannan alamar. Bakanike kuwa ya san cewa abubuwa da yawa na kawo haka. Mai yiwuwa man giya ne ya ragu saboda yoyo. Mai yiwuwa filta ce ta toshe, ko wata ƴar na'urar lantarki da ke buɗe hanyar mai ta mutu. Man giya mai lafiya ja ne. In ya koma baƙi yana warin ƙuna, ga ɓurɓushin ƙarfe a gindin kaskonsa, to faifan cikin sun cinye, sai kwancewa ko canji. Gyaran farko kuɗinsa kaɗan ne, na ƙarshe kuwa yana iya cinye cinikin watanni.

A nan jarrabawar take. Camp Yabassi na kusa, cike da akwatunan giya na hannu da aka sauke daga Turai. In bakanike ya ce a canja, ladansa ya fi yawa, wani lokaci har da ɗan kamasho daga mai kaya, kuma ba mai kama shi, tunda motar za ta tashi. Ni a ganina wannan cin amana ne ko da motar ta tashi, domin an sayar wa mutum rashin saninsa. Malaman fiƙihu sun hana ɓoye aibin kaya a ciniki, kuma ban ga bambanci tsakanin ɓoye aibi da ƙirƙiro shi ba.

Sai dai mu masu mota muna da hannu a ciki. Mun saba biyan abin da ido ya gani kawai. Bakaniken da ya ɓata rabin yini yana auna mai, yana gwada mota a hanya, yana bin waya ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarshe ya ce filta ce kawai, sai mu miƙa masa na goro mu ce ai bai yi komai ba. Wanda ya kwance akwati ya ɗora wani, shi muke ƙirga wa sefa ba gardama. Da hannunmu muka sa gaskiya ta yi araha, ƙarya ta yi tsada, alhali mai gaskiyar nan yana da iyali da kuɗin haya.

Saboda haka nake ganin a yanke ladan dubawa tun kafin a taɓa kusa ko ɗaya, a biya shi cikakke ko da maganin ya zama lita biyu na mai. Shi kuma bakanike ya nuna wa mai mota man da ya fito da abin da ya gani a kasko. In muna son a riƙa gaya mana gaskiya, sai mu daina barin mai faɗinta ya kwana da yunwa.