Nasihar Juma'a: Ina Ungulu da Mikiya Suka Tafi?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan uwa Musulmi mazauna Agege da kewaye:

Wannan makon maganar ungulu muka kawo. Mun san wani zai yi dariya ya ce, ga tsadar abinci ga kuɗin haya, sai ungulu? A yi haƙuri a karanta, domin da hannun wasunmu a cikin lamarin.

Duk wanda ya tashi a Arewa ya san yadda ungulu ke cika kwata da bakin kasuwa. To yanzu in an je gida Sallah, a ɗaga kai a duba, nawa ake gani? Haka mikiya, wadda ke sheƙa a gefen manyan duwatsu inda ƙafar mutum ba ta kaiwa. Ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, ta kwanta a kai kusan wata biyu. Ita ce a 1973 jirgin sama ya yi karo da ita a saman Abidjan, a tsayin fiye da mita 11,000. Amma a 2015 masana suka sa ta, ita da ungulunmu ta gida, cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa.

Me ya jawo? Akwai gubar da ake zubawa a mushe. Akwai kuma fataucin kai da ƙafa da ƙwan ungulu, ana kawo su kasuwannin Kudu don tsafi da neman sa'a. Wata farar ungulu da aka maƙala wa na'ura a ƙasar Girka ta tsallako Sahara lafiya, sai a 2014 a Nijar maharbi ya kashe ta don a sayar a Najeriya. Mu faɗi gaskiya, cikin masu ɗauko wannan kaya akwai masu jin yarenmu, masu sallah a sahunmu.

Jama'a, a Suratul An'am aya ta 38 Allah Ya sanar da mu cewa tsuntsaye ma al'ummai ne kamarmu. Abu Dawud ya ruwaito cewa sahabbai sun taɓa ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a hanyar tafiya, Manzon Allah (SAW) ya ga tashin hankalinta, ya sa aka mayar mata da su. To ina ga wanda ya hau dutse ya kwashe ƙwan shekara guda? Sannan kayan boka ake kai wa, alhali Muslim ya ruwaito cewa zuwa tambaya wurin ɗan duba na hana karɓar sallar kwana arba'in.

Ungulu ba ta jewar banza, mushe take share mana. A Indiya maganin dikulofenak da ake yi wa shanu ya kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na ungulayensu. Mushe ya taru, karnuka suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Sai a 2006 gwamnati ta hana ba dabbobi maganin, ana kuma kiwon tsuntsayen a killace don a sake su.

A nan kusa ma ana ƙoƙari. A duwatsun Kutus na jihar Damagaram akwai masu bin sheƙar mikiya suna ƙidaya suna sa ido. A nan Legas, gidauniyar NCF da ke Lekki na zama da masu maganin gargajiya don su koma ga itatuwa maimakon sassan ungulu.

Roƙonmu ga direbobi da 'yan kara da mahauta: kada a karɓi saƙon ungulu, matacciya ko mai rai, ko nawa za a biya. Masu dabbobi a gida kada a zuba guba a mushe. Wanda abincinsa ke cikin wannan sana'a ya samu Malam Liman a keɓe, ba tonon asiri, za a duba yadda za a taimaka masa ya canja.

Allah Ya sa mu cika amana, Ya ciyar da mu halal, Ya mayar da mu gida lafiya. Amin.

Sakataren Masallaci