Kada Ka Ji Kunyar Kakanka

Ya ɗan'uwa, ka ji wannan labari. A shekara ta 1845 ciwo ya faɗa wa dankali a ƙasar Ailan, yunwa ta kashe mutum wajen miliyan 1. Wani talaka, Patrick Kennedy, ya bar ƙauyen Dunganstown, ya ƙetare teku zuwa Boston ta Amurka, yana haɗa gangunan katako har ya rasu a 1858.

Zuriyarsa ba su bar sunansa ya ɓace ba. A 1963 tattaɓa-kunnensa, John Kennedy, yana shugaban Amurka, ya koma ƙauyen nan, ya sha shayi tare da danginsa. Ya shaida a gaban jama'a, kakan nan nasa bai fita da dukiya ba, sai bangaskiya da son 'yanci.

Kai fa? Kada ka ce tun da ka bi Almasihu, ka rabu da asalinka. Yanka da roƙon matattu, lalle ka bar su, gama sujada ta Allah ce kaɗai. Amma ka tambayi tsofaffi sunayen kakanninka tun suna da rai, ka rubuta, ka koya wa 'ya'yanka, ka gode wa Allah wanda ya rayar da kai ta wurinsu.