Haƙuri Ne Ko Taurin Kai?

Tun muna yara ake ce mana mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Amma ba a cika gaya mana mu fara duba tukunyar ba, ko tana yoyo. Wannan tunani ya zo mini ne da nake bibiyar labarin masu sayen hannun jarin kamfanonin intanet a Amurka.

Shi hannun jari, 'yar'uwa, ɗan yanki ne na kamfani da mutum yake saya da kuɗinsa. In kamfanin ya bunƙasa a ci riba da shi, in ya karye a yi asara da shi. A ƙarshen 1999 hannun jari ɗaya na Amazon, kamfanin da Jeff Bezos ya fara da sayar da littattafai ta intanet, ya haura dala 100. Kafin 2001 ta ƙare ya dawo wajen dala 6. Ki kwatanta kin sayi sarƙar gwal, kin wayi gari an ce ko kuɗin ɗankunne ba ta kai ba. Wallahi barci sai ɓarawo!

Sai masu jarin suka rabu biyu. Wasu suka ce da babu gara ba daɗi, suka sayar. Wasu kuwa suka ce farashi daban, daraja daban, suka duba ciniki. A 1999 Amazon ya yi cinikin dala biliyan 1.6, a 2001 ya haura biliyan 3, kuma a watanni ukun ƙarshe na shekarar ya ci ribarsa ta farko, dala miliyan 5. Wato kasuwa ce ta firgita, amma masu sayayya ba su gudu ba. Suka riƙe abinsu. Sai dai fa sai a 2009 farashin ya koma inda yake a da. Shekara goma cur!

To kada ki ce shi ke nan, duk wanda ya riƙe ya ci. Akwai Pets.com, mai sayar da abincin karnuka da kyanwoyi ta intanet. A Fabrairun 2000 aka fara sayar da hannun jarinsa a dala 11, a Nuwamban shekarar ya rufe. Kayansa masu nauyi ne, kuɗin sarowa da na aikawa sun fi abin da yake karɓa, kusan kowane ciniki asara ne. Waɗanda suka riƙe shi ma ai cewa suke haƙuri suke yi.

Kin ga ashe a ido iri ɗaya ne, kowa ya ƙi sayarwa. Bambancin yana ga abin da mutum ya sani. Idan kin ajiye buhun wake farashi ya faɗi, kika kwance kika tarar da shi garau, jira hankali ne. Idan kuwa ƙwari sun shiga, kika ƙi buɗewa don kada ki gani, wannan ba haƙuri ba ne, kunyar cewa "na yi kuskure" ce.

Sannan jira sai mai hali. Wanda ya ci bashi ya saya, ko ya zuba kuɗin cefane da na makarantar yara, ko da gaskiyarsa dole ta sa ya sayar a lokacin faɗuwa, domin ciki ba ya jiran shekara goma.

Don haka ni a ganina, a kasuwa ne ko a zaman duniya, kafin ki ce kina haƙuri tambayi kanki: na buɗe buhun na duba kuwa? In lafiya yake, ki toshe kunnenki daga surutun mutane. In ya lalace, sakinsa ba gazawa ba ce.

Allah Ya ba mu haƙuri mai tafe da sani, amin.