Hannun da Ya Yanke Zai Sake Tsirowa

'Yan'uwana ma'aikatan Sharada da Challawa da Bompai,

Akwai wata halitta da ake kira tauraruwar teku. Irinta ya kai kusan 2,000, yawancinsu masu hannuwa biyar. Ba ta da ƙwaƙwalwa, ba ta da jini irin namu. Ruwan teku ne ke zagaya jikinta, yana motsa ƙananan ƙafafun da ke jere a ƙarƙashin kowane hannu. Idan kaguwa ko tsuntsu ya cafke mata hannu, sai ta sakar masa ta tsira da ranta, yadda ƙadangare ke barin wutsiyarsa a hannun yaro.

Abin da ke biyo baya shi nake so ku ji. Da farko tsokar wurin ke tsukewa, ta rufe bakin ciwon don kada ruwan jiki ya tsiyaye. Sai wasu ƙwayoyin halitta da ke yawo a cikinta su yi dafifi, su toshe kafar, su cinye ƙazanta. Irin waɗannan ƙwayoyin ne wani masani ɗan Rasha, Metchnikoff, ya gani a 1882 a garin Messina na Italiya: ya soka ƙaya a jikin 'ya'yan tauraruwar teku, washegari ya tarar sun yi wa ƙayar zobe. Daga nan aka fara gane yadda jikin ɗan Adam ma ke yaƙar cuta, har aka ba shi kyautar Nobel a 1908.

Bayan fata ta lulluɓe wurin, tsinin hannun ne ke fara lekowa, ɗan mitsitsi, da ɗan idonsa mai gane haske. Sauran hannun a bayansa yake ginuwa, yana tura shi gaba. Aikin watanni ne, wani lokaci shekara ko fiye, kuma ajiyar abincin da ke cikin sauran hannuwan ke ɗaukar nauyin. Ga yawancin irinta sharaɗin ɗaya ne: tsakiyar jiki ta kasance tana nan.

Kano ma ta san irin wannan yankewar hannu. Garin da jirgin ƙasa ya iso a 1911, garin dalar gyaɗa, garin da injunan masaƙu ba sa kwana. Sai tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, wutar lantarki ta zama baƙuwa, kuɗin gas na janareta ya cinye riba, atamfar waje ta cika Kantin Kwari. Ku da kuke bin layukan masana'antun nan kun fi ni sani: ƙofar ƙarfe ta yi tsatsa, ciyawa ta kai gwiwa a filin da ake sauke dilar auduga, wani kamfanin ya koma rumbun ajiye kayan da aka ƙera a wata ƙasa. Masaƙin da ya yi shekaru gaban inji ya hau acaɓa. Aka hana goyo a babur a 2013, ya koma A Daidaita Sahu. Ba wanda zai ce ciwon ƙarami ne.

Amma wallahi tsakiyar tana nan, kuma ku ne. Makanikin da ke kasa kunne a jikin inji ya gane ƙarfen da ya ci tun kafin a kwance. Majemin Challawa da ke shafa fatar akuya sau ɗaya ya san ajinta. Irin wannan fatar ta jar akuyar Sakkwato ce ta ratsa Sahara tun zamanin ayari, Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko. 'Yar'uwarmu da ke tsaye tun asuba tana jera kaya a kwali, ba ta ɓata ko ɗaya. Ba a sayen wannan da dala, ba a shigo da shi a kwantena. Injunan roba da ke fitar da buta da bokiti da silifas, da na casar shinkafa, da na tatsar mai, kada ku raina su don ba su kai masaƙun da ba. Tsinin hannun ke nan. Bututun iskar gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, ranar da ya fara kawo iska masu sanin aiki za a nema, kuma ba daga sama za su faɗo ba.

Sai dai a nan misalin ya tsaya, kuma zuciyata ta fi nauyi a wannan gaɓar. Gari na iya sake tsiro da masana'anta, amma yatsan da injin roba ya datse ya tafi ke nan. Ƙanena mai aikin dare, kada ka cusa hannu cikin inji yana tafiya don a ce kana da zafin nama. Kashe shi tukuna. Nemi safar hannu da takalmi da takunkumi, musamman ku masu ma'amala da sinadaran jima. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai kamfani ya riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi a asusun NSITF, domin wanda ya ji rauni a bakin aiki. Haƙƙinka ne, ba alfarma ba. In tsautsayi ya faɗa wa ɗayanku, ku tabbata an rubuta rahoto a ranar, ku raka shi asibiti, ku tsaya masa har a biya shi, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Iyayenmu da suka yi zamanin masaƙu, muna roƙonku ku ja yaran nan a jiki tun ƙarfinku bai ƙare ba. Ku kuma matasa, ku je ku durƙusa ku gaishe su, ku tambaye su yadda ake ɗaura zare da saita inji. Da yawansu suna nan a unguwanninku, a bakin masallaci bayan la'asar.